KIMIYYA A ZAURE: 'Yar Gida Ce Ko Baƙuwa a Cikin Sauro?

 

Daga cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya, akwai ta wani bawan Allah mai sayar da yadi a Duwala, wadda ta ba mu dariya da farko, daga baya kuma ta sa jikinmu ya yi sanyi. Ya ce sun ji a rediyo wai masana sun gano wata ƙwaya a cikin sauron Kamaru, wadda ke hana shi ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, wato palu kamar yadda muka saba faɗa a nan. Tun daga wannan rana, in ji shi, uwargida ta kwance gidan sauro ta ninke ta cusa a akwati, ta ce da ma zafi ya ishe ta, tunda sauro ya sami magani a cikinsa ai kowa ya huta. Yaransu uku ne, ƙaramin bai kai shekara biyu ba. Shi ne yake tambaya ko akwai ƙamshin gaskiya a wannan labari.

To Alhaji, kafin ka ci gaba da karatu, ajiye jaridar nan ka je ka sa a ɗaura gidan sauron, sannan ka dawo. Labarin da kuka ji yana da tushe, 'yan rediyo ba ƙarya suka yi ba, sai dai tsakiyarsa aka yanko muku, aka bar kai da wutsiya. Mu kuwa za mu ɗauko shi daga farko, domin yadda ake binciken ƙwayar da irin gardamar da ta biyo baya su ne za su nuna maka inda sani ya tsaya, inda fata ya fara.

Da farko akwai gyara a bakinmu mu Hausawa. Duk wata halitta da ido ba ya gani mun yi mata kuɗin goro, mun ce ƙwayar cuta. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyi da ake kira bakteriya ba cuta suke kawowa ba, zaman haya suke yi a jikin wata halitta, wasunsu ma suna biyan kuɗin hayar a kan kari. Ku ɗauki ƙudan tsando, wanda 'yan'uwanmu masu shanu a Adamawa suka sani farin sani saboda sammore. Tsando ba ya cin komai sai jini, shi kuwa jini ba shi da isasshen bitamin irin na rukunin B. Saboda haka akwai wata bakteriya da ke zaune a wani lungu na hanjinsa tana haɗa masa wannan bitamin, uwa kuma tana miƙa ta ga ɗanta tun yana cikinta. In aka ba macen tsando maganin da ya kashe wannan 'yar haya, sai ta daina haihuwa. Kuɗin cizo ma da ke hana mu barci haka yake, da taimakon wata bakteriya yake samun bitamin. Ita wannan ta kuɗin cizon ita ce dangin wadda za mu yi magana a kanta, sunanta Wolbakiya.

A shekarar 1924 ne wasu masana biyu a Amurka, Marshall Hertig da Simeon Burt Wolbach, suka fara ganinta a cikin mahaifar sauron gida, irin mai hayayyafa a ruwan kwata yana yi mana kuka a kunne, wanda masana ke kira Kuleks. A 1936 Hertig ya raɗa mata suna da sunan abokin aikinsa. Daga nan aka yi shekaru ba wanda ya damu da ita, sai a 1971 da Janice Yen da Ralph Barr suka gano makircin da take ƙullawa. Ita Wolbakiya ta wajen uwa kaɗai take wucewa zuwa ga 'ya'ya, ta cikin ƙwai, namiji ba ya gadar da ita. To sai ta yi dabara. In namiji mai ɗauke da ita ya sadu da macen da ba ta da ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Amma macen da ke ɗauke da ita, ko da wane namiji ta sadu ƙwanta lafiya lau, 'ya'yan kuma duk sun gaje ta. Kun ga ke nan a kwana a tashi masu ita za su mamaye gari. A wasu ƙwarin ma abin ya fi haka muni, kashe 'ya'ya maza take yi tun suna ƙwai. A ƙasar Yuganda an ga wani irin malam-buɗe-littafi da mazansa suka yi ƙaranci har matan ne ke taruwa gungu-gungu suna jiran namiji ya gifta. Allah mai iko.

Abin tambaya shi ne, ta yaya mutum zai san wannan ƙwaro yana ɗauke da ita, wancan ba ya ɗauke da ita? Wasu bakteriyar akan shuka su a faranti a ɗakin gwaji su tsiro a gan su. Wolbakiya ba ta yarda da wannan ba, domin ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayoyin jikin mai masaukinta. Dubawa da madubin likita kuma aiki ne mai cin rai, ba a yi wa ƙwari ɗari a rana. Shi ya sa aka koma neman sawunta, wato sinadarin gado da ake kira DNA, masu Faransanci kuma su ce ADN. Kowace halitta tana da nata rubutun gadon, wanda aka jera da haruffa huɗu kacal, kuma akwai wuraren da jerin haruffan Wolbakiya ya sha bamban da na kowa.

Mu dai gani ya kori ji. Muna da 'yar wanmu da ke karatun ilmin halittu a jami'a, ita ce ta nemo mana izini muka shiga ɗakin gwajin da take koyon aiki, muka wuni muna kallo. Aikin kuwa tun daga waje yake farawa. Ta kama ƙwarinta a bayan gida da bakin lambu: ƙuda, tururuwa, fara, sauro, malam-buɗe-littafi. Kowanne ta jefa shi a tasa 'yar kwalbar robar mai ɗauke da sipirit mai ƙarfi, ta rubuta rana da wuri da lamba, ta sa a firiji. Sipirit ɗin shi ke hana DNA ruɓewa. Ba a haɗa ƙwaro biyu a kwalba ɗaya, kuma kafin a taɓa kowanne sai an ɗauki hotonsa an tantance ko wane iri ne, domin nan gaba kaɗan ba abin da zai rage daga jikinsa.

Sai ta sa safar hannu, ta yanki ɓangaren cikin ƙwaron, tunda can mahaifa take, can kuma Wolbakiya ta fi taruwa. In ƙwaron ƙarami ne kamar sauro sai a yi amfani da shi gaba ɗaya. Ta niƙe shi a cikin wata kwalbar da wata 'yar taɓaryar roba da ba ta fi tsinken ashana biyu ba, ta zuba wani ruwa mai kama da na sabulu wanda ke fasa ƙwayoyin jiki, ta ɗumama, sannan ta sa a wata na'ura mai juyawa da gudun tsiya, wadda ke tura dusa ƙasa ta bar ruwa a sama. Bayan an tace an wanke, abin da ya saura ɗigon ruwa ne garai-garai. Muka ɗaga kwalbar muka duba, muka ce, "Yarinya, ai ba komai a ciki." Ta yi dariya ta ce, "Baffa, duk gadon faran nan yana ciki, har da na duk wanda ke zaune a cikinta."

Matsalar ita ce abin da ake nema ɗan mitsitsi ne a cikin wannan ɗigo, kamar ƙwayar gero ɗaya a buhun masara. A nan ne dabarar da ake kira PCR ta shigo. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, shi ya ƙirƙiro ta a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a kanta a 1993. Ku ɗauke ta kamar injin fotokofi wanda ba ya kwafar littafi duka, sai shafin da aka nuna masa. Yadda ake nuna masa kuwa, akan zuba wasu gajerun guntayen DNA guda biyu da aka ƙera musamman, ɗaya ya dace da farkon shafin, ɗaya da ƙarshensa. Mu kira su 'yan jagora. In shafin yana cikin ɗigon, za su same shi su manne. In babu shi, ba su da wurin kamawa. Ana haɗa su da wani sinadari mai yin kwafin, wanda asalinsa daga wata bakteriya aka samo shi mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya lalata shi. Sai a sa kwalaben a wata na'ura mai girman ƙaramin akwati, ta yi zafi zuwa wajen digiri 95 don zaren DNA ya rabu biyu, ta sauko wajen 55 don 'yan jagora su kama, ta hau 72 don a yi kwafi. Kowane zagaye ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Masu lissafin kasuwa su gwada: in aka ninka sau 30, ƙwaya ɗaya ta haura biliyan ɗaya. Duk wannan cikin awa biyu zuwa uku.

Daga nan sai a zuba abin da aka samu a 'yan ramukan da ke gefen wani abu mai kama da agidi, wanda ake haɗawa da garin ciyawar teku, a jona masa lantarki. DNA kan bi lantarki ya nufi ɗaya gefen, gajere ya riga dogo gudu. Bayan kamar rabin awa ko fiye, sai a haska da wata fitila ta musamman, a ga 'yan layuka suna ƙyalli. Layuka biyu ake nema a kowane ƙwaro. Na farko na ƙwaron ne kansa, mai tsawon haruffa wajen 700, shi ke shaida cewa niƙa da tacewa sun yi kyau. Na biyu, mai haruffa 438, shi ne sawun Wolbakiya. In na farko ya fito na biyu bai fito ba, an duba ba a gani ba. In duka biyun ba su fito ba, ba a ce ƙwaron ba shi da ita, aikin ne ya lalace, sai a sake.

Da wannan hanya ce John Werren da abokan aikinsa suka gwada ƙwari iri 154 daga ƙasar Panama a 1995, suka same ta a kusan kashi 17 cikin 100. Da aka ci gaba da gwaji a ƙasashe daban-daban, ana duba ƙwari da yawa daga kowane iri maimakon ɗaya ko biyu, sai ƙiyasin ya tashi zuwa tsakanin kashi 40 da kashi 60 da wani abu na dukkan ire-iren ƙwarin duniya. Aikin kuma ya yi sauƙin da tun 2005 akwai wani shiri da Seth Bordenstein da abokansa suka fara a Amurka, inda 'yan makarantar sakandare ke kama ƙwarin unguwarsu su yi wannan gwaji da hannunsu. Mun daɗe muna tunanin ranar da za a ga irin wannan a makarantun da yaranmu na Briketeri ke zuwa, amma wannan zance ne na wata rana.

To me ya haɗa duk wannan da ciwo? Wani masani ɗan Ostareliya, Scott O'Neill, da mutanensa suka ɗebo Wolbakiya daga ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, suka dasa ta a ƙwan sauron Edis, mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara. Sai aka ga ƙwayar dengi ba ta iya hayayyafa sosai a jikin sauron da aka yi wa dashen. A 2011 aka fara sakin irin wannan sauro a kusa da garin Cairns na Ostareliya, makircin nan da muka faɗa na hana ƙwai ƙyanƙyashewa ya taimaka masa ya mamaye wurin. A birnin Yogyakarta na Indunusiya aka yi gwaji na ƙa'ida, aka saki sauron a wasu unguwanni aka bar wasu, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna masu kamuwa da dengi sun ragu da kashi 77 cikin 100 a inda aka saki. Wannan nasara ce ta gaske. Amma a lura, dengi ne ba palu ba, sauron Edis ne ba Anofilis ba. Palu sauron Anofilis ke kawo shi, mai cizon dare, shi kuwa an daɗe ana gwada shi ana cewa ba ya ɗauke da Wolbakiya ko kaɗan.

Kwatsam a 2014 sai ga labari daga Burkina Faso. Masana daga Turai da Amurka tare da takwarorinsu na Bobo Julaso sun gwada sauron Anofilis gambiya, babban mai yaɗa palu a Afirka, wanda suka kamo a ƙauyukan noman shinkafa na kwarin Kou, suka ce sun ga sawun Wolbakiya a wasu. A 2016 aka ƙara da cewa sauron da ke da sawun bai cika ɗaukar ƙwayar palu ba kamar wanda ba shi da shi. A 2017 aka ji makamancin haka daga Mali. Murna ta kama kowa, rahotanni suka yi ta fitowa daga ƙasa zuwa ƙasa.

A nan za mu koma ɗakin gwajin 'yar wanmu, domin abin da ya faru a gabanmu ranar shi ne ainihin gardamar da ta biyo baya. Ban da kwalaben ƙwarinta, ta jera wasu uku a gefe. Ta farko tana da DNA na ƙwaron da aka tabbatar yana da Wolbakiya, dole layinta ya fito. Ta biyu na ƙwaron da aka tabbatar ba shi da ita. Ta uku kuwa ruwa ne zalla, ba ƙwaro ba komai. Waɗannan su ne shaidu. Da aka kunna fitila muka ga layuka reras gwanin sha'awa, har mun buɗe baki za mu yi mata barka, sai muka ga fuskarta ta canja. Ta nuna ramin ƙarshe ta ce, "Baffa, duba nan. Ruwa ma ya ce yana da Wolbakiya." Wani siririn layi ne, da ƙyar ake ganinsa. Muka ce to a share wannan ɗaya mana a ɗauki sauran. Ta ce ina, ai tunda ruwa ya yi ƙarya, ba wanda za a gaskata a cikinsu. Ko dai wani ɗigo ya fantsama daga wata kwalba, ko safar hannu ta ɗauko, ko ɗaya daga cikin sinadaran ya gurɓata. Aikin kwana goma ta tattara ta zubar. Injin da ke mayar da ƙwaya ɗaya biliyan bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba, abin da ya tarar shi yake kwafa.

Wannan ita ce tambayar da Ewa Chrostek da Michael Gerth suka yi a 2019 game da sauron gambiya. Suka ce a yawancin rahotannin, sawun ya yi ƙanƙantar da sai an yi PCR hawa biyu, wato a ɗebi abin da ya fito daga na farko a sake ninka shi, kafin a ga layi. Suka ce ganin DNA daban, ganin ƙwayar da ranta daban. Sauro yana tasowa a ruwan da wasu ƙwari suka mutu a ciki, yana shan ruwan furen da wasu suka sha, wani lokaci akwai 'yan mitsitsin ƙwari maƙale a jikinsa ko tsutsa a cikinsa, su kuma suna iya zama masu Wolbakiya. Ko a tarkon da aka kama shi, in ya kwana tare da sauron Kuleks, ƙafa ɗaya da ta karye ta isa. Mu mutanen zango mun fi kowa gane wannan magana. In ka ga takalmi a ƙofar zaure, bai nuna mai shi ɗan gida ne ba, wataƙila fatake ne suka kwana suka wuce. Ɗan gida shi ne wanda za a nuna maka ɗakinsa, a nuna maka 'ya'yansa da aka haifa a ciki. A 2022 wasu masana suka sake gwada sauron Burkina da hanyoyi masu tsauri, suka buga cewa ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja ba. Abin da ya burge mu shi ne, cikin masu wannan rahoto har da 'yan Burkina da sunansu ke kan na 2014. Ba kowa ke iya komawa ya tone shukarsa ya duba ba. Har yanzu akwai masu ganin ƙwayar tana nan a sauron gambiya, ƙaranci ne kawai ta yi, gardamar ba ta mutu ba.

Sai maganar Kamaru, wadda muke kyautata zaton ita Alhaji ya ji. A kurmin kudu akwai wani Anofilis da ake kira musheti, mai hayayyafa a gefen manyan koguna masu tafiya a hankali, cikin ciyayin da ke yawo a kan ruwa. Shi ne ke addabar ƙauyukan bakin kogin Nyong da ire-irensu. Masana daga Ingila ƙarƙashin Thomas Walker, tare da na cibiyar OCEAC da ke Yawunde, suka gwada wanda aka kamo a ƙauyen Olama, kudu da Yawunde, suka buga sakamakon a 2021. Wannan karon ba a tsaya ga layi a kan agidi ba. An auna yawan ƙwayar aka ga tana da yawa ƙwarai, ba sai an yi hawa biyu ba, kuma fiye da rabin sauron na ɗauke da ita. An bar matan da aka kamo suka yi ƙwai, aka gwada 'ya'yan aka same ta. An sa wani rini mai ƙyalli wanda ba ya kama komai sai ita, aka leƙa da madubi aka gan ta cunkushe a mahaifa. Sannan aka karanta rubutun gadonta kusan gaba ɗaya. An nuna ɗaki, an nuna 'ya'ya. Wannan kam 'yar gida ce, haka kuma aka samu a wani Anofilis ɗin na tsaunukan gabashin Afirka mai suna demeloni.

Amma zamanta 'yar gida bai sa ta zama mai gadi ba. Shi musheti ɗin nan da ke ɗauke da ita, shi ne dai ke yaɗa palu a bakin kogi tun kaka da kakanni. A 2023 wasu masanan suka buga binciken da suka yi a kansa, inda suka gwada kowane sauro sau biyu, a nemi Wolbakiya a nemi ƙwayar palu, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin mai ita da marar ita. Wannan bai ba mu mamaki ba. Sauron Kuleks na kwatamin Duwala yana da tasa Wolbakiyar, bai fasa cizo ba. Wani ɗan'uwan Edis mai suna albopiktus, wanda aka fara gani a kudancin ƙasar nan wajen shekarar 2000, iri biyu ma yake ɗauke da su, amma yana yaɗa cikungunya. Ga alama ƙwayar ta fi yin tasiri in sabon dashe ce a jikin da bai saba da ita ba, kamar yadda aka yi a Ostareliya. Amfanin abin da aka gano a Olama shi ne, yanzu an san akwai irin Wolbakiyar da ta iya zama a jikin Anofilis, ana fatan wata rana a dasa ta a jikin gambiya a ga abin da za ta yi. Da ma tun 2013 an yi nasarar dasa wata a jikin wani Anofilis na Asiya a ɗakin gwaji. Tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin kwanan Alhaji kuwa akwai tafiya, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Kada mu wuce ba mu faɗi wurin da sanin Wolbakiya ya riga ya amfani marasa lafiya a ƙasar nan ba. Tsutsar da ke kawo makantar bakin kogi, wadda ɗan baƙin ƙudan nan mut-mut ke yaɗawa, ita ma tana da Wolbakiya a cikinta, kuma ba ta iya haihuwa ko daɗewa in babu ita. Haka tsutsar tundurmi. Da aka gane haka sai likitoci suka gwada kashe 'yar hayar maimakon maigidan, da maganin doksisaikilin na mako huɗu zuwa shida. An gwada a Gana tun wajen 2000, an kuma gwada a nan yankunan Mbanga da Melong tare da masanan Jami'ar Buea. Yana da muhimmanci a kurminmu domin akwai tsutsar ido da ake kira lowa, wadda mai ita da yawa a jini kan shiga haɗari in ya sha Mectizan, ita kuwa lowa ba ta da Wolbakiya, saboda haka wannan magani ba ya tayar da ita. Sai dai ba a ba mai ciki ko ƙananan yara, kuma ba abin da mutum zai saya a teburin mai magani a kasuwa ya yi ta sha ba ne, sai likita ya auna ya rubuta.

Saboda haka Alhaji, ka gaya wa Hajiya muna gaishe ta, kuma mun san zafin Duwala ba wasa ba ne. Amma ƙwayar da ta ji labari tana cikin sauron bakin kogin kurmi ne, ko shi ɗin ma ba ta hana shi kawo palu ba. Gidan sauro mai magani ya koma kan gado, musamman na yaran. Ƙaramin kuma a tambaya a asibiti ko ya cancanci allurar rigakafin palu, wadda Kamaru ta riga kowace ƙasa sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a watan Janairun 2024, an fara da wasu gundumomi. Ita ma allurar ba ta maye gurbin gidan sauro, tare suke aiki. In kuma wata rana kuka ga matasa da 'yan kwalabe da wani bututu suna neman izinin shiga ɗaki da asuba su tsotsi sauron da ke bango, a nemi takardarsu, in ta tabbata a ba su hanya, domin daga irin waɗannan ɗakuna ake samo abin da ake gwadawa.

'Yar wan namu ta aiko mana da saƙo bayan mako biyu. Ta sake aikin daga farko da sababbin sinadarai, ta goge teburi da ruwan bilic, ta riƙa canja safar hannu bayan kowane ƙwaro. Wannan karon ramin ruwa ya fito wayam. Layin Wolbakiya ya fito a sauron kwata da wata tururuwa, bai fito a farar ba. Malaminta ya ce kada ta rubuta komai tukuna, sai an aika abin da ya fito daga tururuwar an karanta haruffansa ɗaya bayan ɗaya, an tabbatar ba wata bakteriyar ce mai kama da ita ba. Tana jiran amsa, mu ma muna jira, in ta iso za ku ji a wannan fili in Allah ya kai mu.